Haihuwa Ba Adashi Ba Ce

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan wani ɗan ƙaramin lissafi wanda rashin fahimtarsa yake jawo wa gidaje da yawa zubar hawaye. Ni tsohon malamin lissafi ne, na daɗe ina riƙe da alli a makarantun sakandare kafin in yi ritaya, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a gidan wani tsohon ɗalibina, wanda har yau yakan biyo ya gaishe ni ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Shi da matarsa sun yi gwajin jini kafin aure kamar yadda ake ta kira a yi, aka ce musu su duka biyun AS ne, wato kowannensu yana ɗauke da gadon sikila a jininsa ba tare da ciwon ba. Ma'aikacin da ya miƙa musu takardar bai yi musu ƙarya ba, sai dai ya taƙaita, ya ce a cikin 'ya'ya huɗu ɗaya zai iya zuwa da ciwon sikila. Suka koma gida suka yi shawara, suka ga cewa jinyar ɗa guda za su iya ɗaukarta, aka ɗaura aure. Ɗan farinsu ya zo da SS, wato da ciwon sikila. Tun bai shekara ba hannuwansa da ƙafafunsa suka fara kumbura, farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa, kuma duk lokacin da hunturu ya kama sai uwar ta kwana a zaune tana gasa masa gaɓoɓi da tsumma mai ɗumi, yana kukan da ba a san inda za a taɓa a lallashe shi ba. Da matar ta sake samun ciki, sai ɗalibin nawa ya zo mini da fara'a ya ce: "Malam, ai mun riga mun biya namu, ɗayan ya fito, sauran ukun lafiyayyu ne in Allah ya so." Gabana ya faɗi, domin na gane cewa wannan bawan Allah, wanda ni na koyar da shi lissafi shekara uku, ya fahimci maganar a juye. 'Yar da aka haifa musu a karo na biyu ita ma SS ce.

Na daɗe ina tunanin inda wannan kuskure ya samo asali, kuma abin da na fi gamsuwa da shi shi ne cewa hankalin adashi muke ɗauka mu kai shi wurin da ba muhallinsa ba ne. A adashin mutum goma, idan za a fitar da jerin kwasa, akan rubuta lambobi a 'yan takardu, a nannaɗe su, a zuba a hula ko a ƙwarya, kowa ya sa hannu ya ɗauki guda. Takardar da aka ɗauka ta fita ke nan, ba ta komawa. Wanda ya kwasa a wannan wata ba zai sake kwasa ba sai zagaye ya ƙare, wanda kuma bai kwasa ba yana da tabbacin cewa layi yana matsowa kansa. A nan daidai ne mutum ya ce "nawa ya fito" ko "nawa ya kusa". Har ma zan ƙara da cewa gardamar da akan yi kan wanda zai fara sa hannu a hula ba ta da tushe: na farko yana da ɗaya cikin goma na samun lamba ɗaya, na biyu kuwa sai na farko ya kuskure, wato tara cikin goma, sannan shi ya dace a cikin takardu tara da suka rage, idan aka haɗa lissafin sai a ga shi ma ɗaya cikin goma gare shi, haka har kan na ƙarshe wanda aka bar wa takarda guda.

Haihuwa ba haka take tafiya ba, kuma ga yadda na nuna wa ɗalibin nawa a ƙofar gidana. Na sa aka kawo mini ƙwarya biyu, ɗaya ta uba, ɗaya ta uwa. A kowace na sa ƙwayar wake biyu, fara da ja, farar tana matsayin A, wato lafiyayyen gado, jar tana matsayin S, wato gadon sikila. Na ce ya rufe ido ya ɗauki ƙwaya ɗaya daga kowace ƙwarya, domin haka ɗa yake gadon abu ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Hanyoyi huɗu ne kacal: fara da fara, shi ne AA, farar uba da jar uwa, ko jar uba da farar uwa, duka biyun AS ne, sai ja da ja, shi ne SS. Wannan shi ne ɗaya cikin huɗun da ake faɗa. Da ya ɗauka muka rubuta abin da ya fito, sai na ce masa ya mayar da ƙwayoyin cikin ƙwaryarsu. Ya ɗago ya dube ni ya ce: "Malam, mayarwa ake yi?" Na ce mayarwa ake yi, domin don an haifi ɗa mai SS jinin uban bai canza ba, na uwar ma bai canza ba, kowane ciki sabon ɗauka ne daga ƙwarya cikakkiya wadda ba ta tuna abin da ta bayar bara. Muka yi ɗauka arba'in muna rubutawa a bayan wani tsohon kalanda, ya ga ja da ja ta fito sau biyu a jere, ya kuma ga an yi ɗauka bakwai ba ta leƙo ba. Ya yi shiru na tsawon lokaci, sannan ya share idonsa da hannun riga.

Ga masu son alƙaluma, lissafin a fili yake. Idan aka ɗauki gidaje 256 waɗanda a kowane miji da mata AS ne, kuma kowane gida ya haifi 'ya'ya huɗu, abin da ake sa rai shi ne gidaje 81 ba za su ga SS ko ɗaya ba, gidaje 108 za su sami ɗa guda mai ciwon, gidaje 54 za su sami biyu, 12 za su sami uku, gida ɗaya kuma duka huɗun. Ashe ke nan "ɗaya cikin huɗu" a ma'anar da ɗalibina ya ɗauke ta, ba ta cika ko a rabin gidajen ba. Mu kuwa mutane ne masu son yawan haihuwa, kuma idan 'ya'yan suka kai shida, gidajen da za su tsira gaba ɗaya ba su wuce 18 cikin ɗari ba. Ina so a lura da waɗannan gidaje 81, domin su ne ake kafa hujja da su a zauren shawarar aure, a ce ga wane da wance can su ma AS ne, 'ya'yansu huɗu garau, likitoci tsoratarwa kawai suke yi. Masu wannan magana gaskiya suka gani da idonsu, sai dai sun ƙirga gida ɗaya sun bar sauran, alhali lissafin da kansa ya riga ya faɗa cewa kusan sulusin irin waɗannan gidaje haka za su kasance.

Wannan hanya ta ninka yiwuwa da yiwuwa ita ce kuma take nuna girman matsalar a ƙasa baki ɗaya. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da S ba tare da ciwo ba. Idan ana aure ba gwaji, rubu'in rubu'i, wato aure ɗaya cikin 16, zai haɗa masu AS biyu, rubu'in haihuwarsu kuma SS ne, sai lissafi ya ba mu jariri ɗaya cikin 64. Wannan bai yi nisa da abin da hukumar ta ƙiyasta ba, na kusan jarirai biyu cikin ɗari, wato kimanin 150,000 a kowace shekara. Inda auren zumunci ya yi yawa a dangin da S take cikinsa, yiwuwar haɗuwar tana ƙaruwa, tun da daga kaka ɗaya ango da amarya suke ɗiba. Na yi farin ciki da dokar gwajin lafiya kafin aure wadda Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a Kano a 2024, amma takarda mai ɗauke da haruffa biyu ba za ta yi amfani ba matuƙar wanda aka ba shi ita yana karanta ta da hankalin adashi. Doka tana iya tilasta gwaji, fahimta kuwa sai an zauna an koyar.

Irin wannan kuskure ne yake sa magidanci mai 'ya'ya mata huɗu ya tabbatar wa kansa cewa na biyar namiji ne, idan kuma aka sake samun mace sai ya ɗora wa matarsa laifi, wani har ya fara neman ƙarin aure a kan haka. Kowace haihuwa kusan rabi da rabi ce, kuma mata huɗu a jere abu ne da yake faruwa a gida ɗaya cikin 16, ta yadda a unguwa mai gidaje 160 masu 'ya'ya hurhuɗu za a sa ran samun wajen goma masu mata zalla, da wasu goma masu maza zalla. Ƙwayar da take bambanta namiji da mace kuwa daga wajen uba take zuwa, uwa ba ta da hannu a zaɓin.

Inda abin ya fi ci mini rai bayan maganar sikila shi ne cacar ƙwallon ƙafa da ta mamaye matasanmu. A 2024 Hukumar Hisba ta Kano ta rufe shagunan caca da dama, amma yanzu shagon yana cikin aljihun yaro, a wayarsa, yana zubawa yana kwance a ɗakin uwarsa. Haramcin caca a bayyane yake a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, kuma malamai suna faɗa a kan mumbari, ni abin da zan ƙara shi ne lissafin, domin na lura akwai matasan da suke ganin abin da suke yi sanin ƙwallo ne, ya bambanta da caca. Yaro yakan haɗa wasa goma a tikiti ɗaya don kuɗin cin ya yi kauri. Kowane wasa yana iya ƙarewa ta hanya uku, masu gida su ci, baƙi su ci, ko a tashi kunnen doki, saboda haka wasa goma suna da hanyoyin ƙarewa uku sau uku har sau goma, wato 59,049, tikitinsa kuma ɗaya ne daga ciki. A ce ma ya san ƙwallo ƙwarai, yana canka bakwai daidai a kowane wasa goma, wanda ba ƙaramin gwani ke iya haka ba, to yiwuwar duka goman su zo masa daidai a tikiti ɗaya ba ta kai uku cikin ɗari ba.

Maganar da na fi ji a bakinsu ita ce wasa ɗaya ne ya yanke musu tikiti, kuma wannan "saura ƙiris" ita ce igiyar da take dawo da su gobe. A ƙirga a gani. Idan kowane wasa rabi da rabi ne, hanyoyin da tikitin wasa goma zai iya faɗawa 1,024 ne. Hanya ɗaya tak ce duka goman za su yi daidai, amma hanyoyin da tara za su yi daidai ɗaya ya kuskure guda goma ne, tun da kowane ɗaya daga cikin wasannin yana iya zama shi ne mai yankewar. Saboda haka "wasa ɗaya ya yanke" ya ninka cin gaba ɗaya sau goma wajen yawan aukuwa, ba wata alama ce ta cewa sa'a tana tafe ba. Sannan kamfanin ba ya biya daidai da yiwuwar. A ɗauka misali abu ne na rabi da rabi, aka ce wanda ya zuba naira 1,000 ya ci zai karɓi 1,900. Mutum biyu suka zuba, kowa ya kama ɓangare ɗaya, kamfani ya karɓi 2,000 ya biya 1,900, ya riƙe biyar cikin ɗari ko wace ƙungiya ce ta yi nasara. A tikitin wasa goma wannan yankan yana hawa kan juna sau goma, har ya zama a kowace naira ɗari da matasa suka zuba, wajen sittin ne kawai suke komawa hannunsu a matsayin ci, arba'in sun tafi. Wanda ya yi wata shida yana faɗuwa yana cewa cinsa ya kusa, ya ɗauka zubin adashi yake yi, alhali babu uwar adashin da take riƙe masa lissafi.

Na san akwai mai cewa duk wannan shiga hurumin Allah ne, abin da aka ƙaddara ba makawa sai ya faru. Ni ma na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, kuma lissafin yiwuwa bai taɓa cewa ya san abin da yake cikin mahaifa ba. Iyakarsa ya ƙirga hanyoyin da abu zai iya bi bisa tsarin da Allah ya ɗora halitta a kai, ya faɗa mana wace ce ta fi yawa. Manomin da ya ƙi shuka a ruwan farko har sai damina ta zauna, da wannan hankali yake aiki, kuma ba wanda ya ce ya yi jayayya da ƙaddara. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham aka ba shi labarin annoba ta ɓarke a can, ya juya da jama'arsa, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, shi kuwa ya amsa da cewa suna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Ita kanta ƙuri'a, idan ba dukiyar wani ake ci da ita ba, tana da asali, domin ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya, saboda ita ce hanyar da take ba kowa rabo daidai da na ɗan'uwansa.

Ƙirga hanyoyi kuma ba baƙon ilimi ba ne a wurin malamanmu. Tun a ƙarni na 8 Khalil ɗan Ahmad na Basra, da ya tashi tattara kalmomin Larabci, sai ya ƙirga yadda haruffa 28 za su iya jeruwa, ya lura cewa haruffa uku mabambanta suna jeruwa ta hanya shida. Ainun da lamun da mimun, alal misali, su ne suke ba da ilmu idan aka jera su ta wata hanya, su ba da amal, wato aiki, idan aka sauya jerin. Lissafin yiwuwa a siffarsa ta yau ya fara kafuwa ne a Faransa a 1654, cikin wasiƙun da masana lissafi biyu, Pascal da Fermat, suka yi wa juna. Malamin da yake raba gado da nisfi da rubu'i da sumuni da sudusi ba zai sha wahalar gane rubu'in rubu'i ba, kuma shi ne yake zaune a gaban waliyyai ranar ɗaurin aure.

Mu malaman makaranta muna da namu kason na laifi, kuma na faɗi haka ne da nauyin zuciya. Darasin yana cikin manhajar sakandare, yana fitowa a jarrabawar WAEC da NECO, amma da Turanci muke koyar da shi, da misalin jefa kwabo a ƙasar da yaro bai taɓa sayen komai da kwabo ba, da misalin karta mai ganye 52 wadda 'yar makarantar da ta fito daga gidan mutunci ba ta taɓa riƙewa ba. Yara suka haddace ƙa'ida suka ci jarrabawa, amma ba wanda ya ce musu wannan lissafi shi ne na takardar gwajin jininsu. Bambancin ɗauka da mayarwa da ɗauka ba mayarwa, wanda muke wucewa a kansa cikin darasi ɗaya, shi ne ainihin abin da ya kufce wa ɗalibina. Da a aji na kawo ƙwarya da wake shekarun baya, wataƙila da bai zo mini da waccan magana ba.

Saboda haka, Malam Edita, roƙona ga ma'aikatan lafiya shi ne su daina cewa "ɗaya cikin 'ya'ya huɗu", su riƙa cewa a kowane ciki, ko na farko ne ko na goma, akwai yiwuwar rubu'i, kuma ana iya samun biyu ko uku a jere, ana iya kuma rasa ko ɗaya. Kalmomi kaɗan ne suka bambanta maganganun biyu, amma shawarar aure tana iya sauyawa a kansu. A ajiye ƙwarya biyu da wake huɗu a kowane ɗakin da ake ba da sakamakon gwaji, a bar saurayi da budurwa su ɗauka da hannunsu sau ashirin kafin su fita, a kuma nuna wa limamai da masu wa'azin mata a makarantun Islamiyya su ma su nuna. Ita kuma wannan jarida ina roƙonta ta ware shafi guda ranar 19 ga Yuni, ranar da duniya ta keɓe don ciwon sikila, ta buga wannan bayani da Hausa tare da zanen hanyoyin nan huɗu. Idan kun amince, a shirye nake in aiko da zanen da lissafin gidaje 256 dalla-dalla, yadda malamin firamare ma zai iya kwafa a allo.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon malamin lissafi,
Kano.